Ba sai da kyamara mai tsada ba, Malam

Malam, ka ce saura wata uku ka cika shekara 35 a aikin gwamnati, kana fargabar zaman gida, kana kuma tambaya ko sai da kyamara mai tsada ake fara ɗaukar hoto. Ni bara war haka na ajiye aiki na dawo Jos.

Watan farko barci kawai na sha, har uwargida ta ce na tare mata falo. Sai na ɗauki wayata na fara fita bayan asuba. Dutsen Riyom na fara zuwa, daga nan ruwan Assop, sai gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952, inda na wuni gaban gumakan Nok. Yankari ma na leƙa, na jiƙa gwiwoyina a ruwan ɗumin Wikki.

Abin da shekarar nan ta koya mini, lokacin fita ya fi kyamara tasiri. In hazo ya sauko a Disamba, duwatsun Shere sai su fito kamar an watsa musu toka. Jira damina, ruwa na ɗaukewa ka fita, za ka ga kore shar. Rana tsaka kuwa kada ka wahalar da kanka, inuwa ce za ta cinye fuskar mutum.

Kada ka taɓa kuɗin sallamarka tukuna. Yi wata shida da waya, in abin ya shiga ranka ka nemi kyamara ta hannu. Kafin ka ɗauki mutum a kasuwa, gaishe shi ka nemi izini. Tafiyar dare kam, na yafe ta.