Me ya sa ozon ya fi yawa a wajen gari?

Malam, ka tambaya: tunda motoci a birni suke, me ya sa na'urorin auna iska ke nuna ozon, wato wani gas mai cutar da huhu in an shaƙe shi, ya fi yawa a garuruwan gefe lokacin tsananin zafi?

Ai ba salansar mota ce ke fitar da ozon ba. Abin da take fitarwa shi ne gas ɗin naitirojin oksayid, ga kuma tururin fetur da na fenti da ke cikin iskar birni. Sai rana ta buga su sannan su haɗu su haifar da ozon, kuma hakan na cin sa'o'i. Kafin nan iska ta riga ta kora su gaba. Shi ya sa a Los Anjalis ta Amurka, inda masanin kimiyya Arie Haagen-Smit ya gano wannan a farkon shekarun 1950, yankin San Banadino da ke gabas, gindin duwatsu, ya fi ɗanɗana kuɗarsa. A bakin titi kuwa, sabon hayaƙi cinye ozon ɗin da ya tarar yake yi.

Kada ganin sama garau ya ruɗe ka, kuma takunkumin ƙura ba ya tare ozon. Daga azahar zuwa la'asar ya fi tsanani. In yaronka mai asma ya fara tari da kukan ƙirji, don Allah ku je wurin likita da wuri.