Kwalli a ido, man shanu a kunne: ga amsata 'yata

Wa alaikumus salam 'yata, barka da arziki kuma, Allah ya raya mana shi ya yi masa albarka. Na karanta saƙonki, kin ce Hajiya surukarki ta iso da tandun kwalli tana so a riƙa zizara wa yaron safe da yamma don idonsa na yin kwantsa, ta ce kuma a ɗiga masa man shanu mai ɗumi a kunne, sannan ga wanzami an riga an yi masa magana zai cire belu ranar suna, kina tambaya wai wanne ne al'ada ta gaske wanne ne dole, ke kuma kunyar ɗan fari ta hana ki buɗe baki.

To duk al'ada ce ta gaske, ni da babanki duk an yi mana, amma babu na dole a ciki ko ɗaya. Kuma ba zan ce miki wannan bari wancan yi ba kawai, gara ki san yadda Allah ya ƙera wuraren tukun, shekarun da na yi ina aikin ungozoma a asibiti abin da na lura shi ne mutane na ɗauka ido wani kwano ne a rufe, kunne ma rami ne da ya ƙare a nan, alhali duk akwai hanya a tsakaninsu.

Ki tsaya gaban madubi ki ja fatar idonki ta ƙasa, can lungun da ke kusa da hanci za ki ga wani ɗan mitsitsin rami, akwai irinsa a fatar sama ma. Hawaye daga can sama yake fitowa ƙarƙashin gira ta gefen waje, kullum yana wanke ido ko ba kuka ake ba, in ya gama sai ya bi ta ramukan nan ya gangara cikin hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina, shi ya sa kuma in kin ɗiga maganin ido bayan ɗan lokaci sai ki ji ɗacinsa a maƙogwaro. To a jarirai da yawa wannan hanyar ba ta gama buɗewa ba lokacin haihuwa, sai hawayen ya taru ya zama kwantsa, yawanci da kanta take buɗewa kafin yaro ya shekara. Abin yi kawai ki wanke hannu, ki samu auduga mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce ki goge daga wajen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Amma ki ji ni da kyau, in fatar idon ta kumbura ta yi ja, ko kika ga mugunya rawaya tana fita da yawa kina gogewa tana dawowa, wannan ba ta gida ba ce, ranar za ku tafi asibiti ba gobe ba, domin akwai cutar da jariri ke ɗauka wajen fitowa da take iya cinye gilashin gaban baƙin ido cikin 'yan kwanaki, kuma ba nono ba kwalli ba ruwan sikari da zai tsayar da ita.

Shi kuwa kwallin, matsalarsa ba baƙinsa ba ne. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancin wanda ake sayarwa a kasuwanninmu dalma ce a cikinsa. A 2011 a birnin Boston na Amurka likitoci sun tarar da dalma ta yi yawa a jinin wani jariri ɗan 'yan Najeriya, da aka bi diddigi sai aka gano kwallin da ake sa masa ne, aka auna shi aka samu sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Kin ga hanyar da na faɗa miki, daga ido zuwa hanci zuwa maƙogwaro, ga shi kuma yaro ya murza ido ya kai hannu baki. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa a hankali ba tare da kin ga alama ba. Mu nan ai ba sai an ba mu labarinta ba, a 2010 a Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu, wancan daga ƙurar dutsen zinariya ne da ake dakawa a cikin gidaje ba daga kwalli ba, amma gubar ɗaya ce. Na san Hajiya za ta ce sunna ce, kuma gaskiya ne hadisi ya zo da yabon wani irin kwalli da ake kira ismid, sai dai wa ya tabbatar miki abin da ke cikin tandun nan ismid ne? Ga kuma mazizari ɗaya ana yi wa gida duka da shi, in afolo ta shigo gidan da shi za a raba wa kowa.

Idon nasa ma yanzu koyon aiki yake. Haske na shiga ta ƙwayar tsakiya ya sauka a wata shimfiɗa da ke bayan ido, daga nan jijiya ta kai saƙon can ƙeya inda ƙwaƙwalwa ke fassara shi. A makonnin nan bai fi ganin abin da ke nesa da shi da santimita 20 zuwa 30 sosai ba, wato daidai fuskarki in kina ba shi nono, saboda haka ki riƙa kallonsa, bar wayar nan. In kika ga fari a tsakiyar ƙwayar idon, ko ya wuce wata shida yana harara garke, kar a ce zai gyaru in ya girma, idon da bai koyi gani da wuri ba wuyar gyara gare shi. Ba kuma komai na mutanen da nake kushewa ba fa, masu dundumi da ake gasa wa hanta su ci wallahi daidai ne, hanta cike take da bitamin A wanda rashinsa ne ke hana gani da magariba.

Kunne kuma hawa uku ne. Akwai na waje da ramin, a ƙarshen ramin akwai dodon kunne, wata 'yar fata siririya da sauti ke kaɗawa, bayanta akwai ƙasusuwa uku da babu ƙanana kamarsu a jikin mutum, su ke miƙa motsin zuwa can ciki wani wuri nannaɗe kamar dodon koɗi mai ruwa a ciki, a gefensa kuma akwai abin da ke riƙe mutum kar ya faɗi, shi ne ke ruɗewa in yara sun yi hajijiya. Daga bayan dodon kunnen akwai hanya da ta zarce bayan hanci, a yara gajera ce kuma kusan a kwance take, shi ya sa mura kaɗan sai ki ji an ce kunne na ciwo. Man shanun ba zai kai wajen ciwon ba in dodon kunne lafiyarsa ƙalau, in kuma ya riga ya fashe yana ruwa to kin zuba masa datti ne har ciki. Dauɗar kunne ma da ake ta yaƙi da ita da gashin kaza da tsinken ashana kariya ce, da kanta take fitowa, ki goge ta waje da tsumma ki ƙyale sauran. Abin da na fi ganin yana kurmantar da yaranmu sanƙarau ne da ƙyanda da kunne mai ruwa da aka yi sakaci da shi, don haka katin rigakafin nan ki riƙe shi da kyau. Kiran salla da aka yi masa a kunne kuwa ya ji shi sarai, tun yana ciki yake jin muryarki.

Belu dai ki tsaya kai da fata. Yana taimakawa wajen toshe hanyar hanci lokacin haɗiya, ba ya hana shan nono, ba ya girma ya shaƙe kowa. Na sha karɓar jarirai da aka kawo jini ya ƙi tsayawa har sun yi fari fat, wasu kuma bayan kwanaki jiki ya sandare baki ya ƙi buɗuwa saboda ƙarfen da aka yi aiki da shi. Wanzami ya zo ya yi askinsa da sabuwar reza, a ba shi kuɗinsa da kason namansa cif yadda aka saba, har a ƙara masa, ba za ki ji ya yi ƙorafi ba. Dabinon da ake ɗan shafa wa jariri a ganɗa sau ɗaya wannan daban, amma zuma a bari sai ya shekara, turaren wuta kuma a fitar da kaskon kafin a shigo da shi ɗakin, hancinsa ƙamshin jikinki yake nema da shi yake gane ki.

Sai maganar Hajiya. Ke dai kar ki yi musu da ita, ba girmanki ba ne, kuma da ƙauna ta zo da tandun nan tun daga gida. Ki sa maigidanki ya same ta su biyu ya ce ma'aikatan asibiti sun hana sa komai a ido da kunne, ba ƙarya ya yi ba don sun hana ɗin. Ki bar mata wankan yaron da shafa masa mai da goyo, kar ta ji an ture ta gefe. Ni ma in sha Allahu zan iso jajibirin suna, zancen belu ki bar min shi, ni da ita tsara ne za mu fahimci juna. Kafin nan ki ɗauko min hoton idon da safe kafin ki goge ki turo min ta WhatsApp in gani.