Kafin Ka Tuɓe Kaki, Ka Yi Sallama

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na karanta shi a tsanake. Ka ce bayan shekarun da ka yi a sashen tsaron intanet na soja, wani banki ya nuna yana son ka, kana tambayar abin da al'ada ta tanada: wa za ka fara sanar wa, yaya ake rabuwa da manya a bariki, kuma in an zaunar da kai don ɗaukar aiki, me ya halatta ka faɗa game da aikin da ka baro. Ka kyauta da ka tambaya tun takarda ba ta bar hannunka ba.

Mahaifinka ne farko, sai mahaifiyarka, kuma ba ta waya ba. Ka nemi izini ka zo gida, ka same shi bayan sallar isha'i lokacin da zaure ya watse, ka kawo masa maganar a matsayin shawara, ka kuma saurare shi da gaske. Ƙanina ne, na san halinsa, fansho zai fara tambayar ka, to ka zo da amsa. Na soja yana da hukumarsa daban. A banki kuwa asusu za a buɗe maka a kamfanin fansho, bisa dokar 2014, a riƙa cire kashi 8 cikin ɗari na albashinka, bankin ya ƙara kashi 10. Ka fara zuwa ofishin da ke riƙe da fayil ɗinka, ka tabbatar da abin da shekarunka suka ba ka haƙƙinsa. Matarka ma kada ta ji a bakin maƙwabta, domin ita za ta bar gidan bariki, ita za ta nemi wa yara sabuwar makaranta.

Game da manyanka, al'adarmu ta kasuwa ta riga ta amsa maka. Yaron shago in ya isa tsayawa da ƙafarsa ba a wayar gari a ga babu shi. Yakan sami ubangidansa, sau da yawa ta bakin wani dattijo, a zauna a yi lissafi, a ƙirga kaya, ya miƙa makulli, a yafi juna, a shafa fatiha. Bayan nan ko ya fi ubangidan arziki, ba za ka taɓa ji a bakinsa inda ubangidan ke sarin kaya, ko wa ke bin sa bashi, ko inda yake ɓoye kuɗi ba. Abin da nake so ka yi ke nan, ba ragi.

Kwamandanka ya ji daga bakinka kafin takarda ta hau teburinsa. Ka fi ni sanin cewa soja ba ya sallamar kansa, sai an amince, kuma wanda ya tafi kafin haka kotun soja ke jiran sa. Don haka kada ka tsayar wa banki ranar fara aiki sai takardar sallamarka ta fito, in da gaske suke son ka za su jira. In an ba ka gurbi a cibiyar da ke Oshodi a Legas, inda ake horar da sojoji masu shirin komawa farar hula, kada ka raina don kana ganin kana da sana'a a hannu. Ka leƙa mami, wato kasuwar bariki, ka sa mai shago ya buɗe littafin bashi a gabanka, ka biya, ya soke sunanka. Ka bi na ƙasa da kai ɗaya bayan ɗaya ka nemi yafiya, domin wanda ya yi shekaru yana ba da umarni ba ya rasa wanda ya ɓata wa.

A sana'arku makullin ba na ƙarfe ba ne, shi ya sa ake sakaci da shi. Kwamfutar aiki, katin shiga, filashi, duk ka miƙa a rubuce. Kowane asusu da aka buɗe da sunanka ka sa a rufe shi kana tsaye, ka karɓi shaida. In wata shida bayan tafiyarka aka yi kutse da sunanka, wannan 'yar takardar ce za ta wanke ka. Abin da ka rubuta ko ka haɗa a bakin aiki na rundunar ne, ko da kai ka yi ta kwana a kansa. Kada ka kwafe shi da sunan tunawa.

Sai batun bakinka, wanda ya fi damu na. Rundunar yaƙin intanet ta sojan ƙasa sai a 2018 aka kafa ta, zamanin Janar Buratai, har yanzu sabon abu ce ga farar hula, kowa yana ɗokin jin abin da ake yi a ciki. Za a yi ta tsokano ka, wani da yabo, wani da wasa. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 tana nan a kanka bayan ka tuɓe kaki, kuma ko babu ita, rantsuwa ka yi. A wurin ganawar ɗaukar aiki ka faɗi irin aikin: ka sa ido a kan na'urori dare da rana, ka san yadda ake gano kutse a toshe shi, ka jagoranci mutane, kana rubuta rahoton da manya ke yanke hukunci da shi. Sunan wuri, sunan wanda aka bibiya, inda wata na'ura ke da rauni, waɗannan ka ce ba ka da ikon magana a kansu, ka faɗa cikin ladabi ba tare da ɗaure fuska ba. Mai ɗaukar aikin da ya san abin da yake yi zai ƙara natsuwa da kai, tunda asusun jama'a zai damƙa maka. Wanda ya nace sai ka faɗa, ka yi tunani sau biyu kafin ka zauna a ƙarƙashinsa.

Amma jarrabawa mafi wuya a cikin dangi take. Za ka zo ɗaurin aure wani ya ja ka gefe, ya miƙo maka lamba a guntun takarda ya ce ka bi masa ita, an damfare shi. Wani zai rage murya ya ce wayar matarsa yake so ka buɗe masa, ko shafin Facebook na abokin hamayyarsa. Kunya za ta kama ka, domin wataƙila ya girme ka. Ka tausasa harshe ka ƙi. Shiga na'urar wani ba da izini ba laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015, kuma addini ya hana mu bin diddigin asirin mutane. Wanda aka damfara ka raka shi bankinsa da ofishin 'yan sanda, ka taya shi tsara bayani, wannan ma zumunci ne. Kada kuma ka ɗaga waya ka kira yaran da ka bari a bariki su duba maka wani abu. Ba za su iya ce maka a'a ba, su kuma za a kama.

Muƙaminka ka bar shi inda ka same shi. A banki ba mai sara maka, kuma mai yiwuwa shugabanka ya kasance sa'ar ƙaninka ne, ko mace. Kai za ka fara gaisarwa. Can in ka ce a kashe na'ura an kashe, nan sai ka yi wa manaja bayanin abin da za a yi asara in ba a kashe ba, ya ja da kai, ka sake bayani. Tun 2018 Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankuna naɗa babban jami'in tsaron bayanai, saboda haka akwai gaba a aikin, amma sai mai haƙuri da mutane ke kaiwa can. Akwai kuma abin da zai zo maka baƙo. Ka saba ɓarna in ta faru a kai ta sama a rufe. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce in an saci bayanan mutane ta yadda za su iya cutuwa, a sanar da hukuma cikin awa 72. Amanar a nan ta masu ajiya ce, ɓoye musu cin amana ne.

Takardun shaida irin su Security+ ka fara neman su tun kana ciki. Babbar takardar CISSP kuwa sai da shekara biyar ta aiki a fagen, kuma shekarun soja suna shiga lissafi in akwai mai tabbatar da su. Kwamandan da kuka rabu lafiya shi zai rubuta maka wannan ba tare da ka yi ta sintiri ba.

Albashin farko ka fitar wa iyayenka nasu kafin komai. In an ba ka kuɗin sallama kada ka yi shela, ka riƙe na hayar shekara da na makarantar yara tukuna, sauran sai ka duba masu haƙƙi. Ka gaishe min da maiɗakinka da yaran. Allah ya yi maka albarka.

Baffanka.