Jan wayin marar barasa: wanne zan sa a gidan abincina?

Wata Hajiya mai gidan abinci a Abuja ce ta aiko da tambaya. Ta ce ba ta sayar da giya, ba ta kuma da niyyar farawa, amma baƙinta, musamman Turawa da ma'aikatan ofisoshin jakadanci, sukan tambayi jan wayin in sun zauna cin gasasshen rago. Dilanta ya kawo mata jerin kala tara na marasa barasa, yana so ta ɗauki katan guda a kowanne. Wanne za ta zaɓa?

Hajiya, kala tara sun yi miki yawa. Dila so yake kayansa su bar sitonsa su koma naki. Biyu sun ishe ki farawa.

Da farko ki raba jerin nan gida biyu, domin abu biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Akwai ruwan inabi mai gas wanda bai taɓa zama giya ba, irin su Eva da Chamdor da Veleta da muke gani a kan teburin amarya da ango. Zaƙi gare shi, kowa ya san shi, ba ya buƙatar talla. Sai kuma wanda aka fara yin giya sosai da shi, daga baya aka zare barasar da na'ura. Ana rage iska a tukunya yadda barasar za ta tashi ba tare da an dafa ruwan da zafi mai yawa ba, fasahar da gidan Carl Jung na Jamus ya yi wa rajista tun 1908. Wannan na biyun shi Baturenki yake nema, don ba ya son zaƙi a kan nama. Shi ne kuma yake da abin dubawa: wani an rubuta masa 0.0%, wani kuma ƙasa da 0.5%, wato da ɗan saura. Masu ba da shaidar halal ba su haɗu a kan magana ɗaya game da shi ba. Ni ba malami ba ne, wannan ki kai wa malaminki kafin ki biya ko sisi. Ta fuskar ciniki dai, ki tsaya a kan 0.0%, ki kuma rubuta a takardar abincinki wanne ne wanne. Alhaji ɗaya ya sha, daga baya ya karanta bayan kwalba ya ji an rufe shi, kin rasa shi har da abokansa.

Idan malaminki ya amince, ga batun irin inabin. Sunayen da kike gani a jikin kwalba, Merlot, Cabernet Sauvignon, Shiraz, sunayen inabi ne, kamar yadda muke da kaura da farfara a dawa. Cabernet Sauvignon ya fi suna, shi dila zai fara tura miki, amma bauri gare shi, irin wanda goro ke bari a baki. Da nama mai kitse marar yaji yana tafiya daidai. Abincinki kuwa na yaji ne: tsire, balangu, farfesu. Bauri in ya gamu da barkono sai baki ya bushe, yajin ya ƙara zafi, baƙo ya ture kofin ya nemi ruwa. Merlot ya fi laushi, baurinsa kaɗan ne, wanda bai saba ba ma yana iya shanye kofi. Shi nake ba ki shawara ya zama na gida. Shiraz, wanda Faransawa ke kira Syrah, yana da ɗan ƙamshin masoro kuma yana shiga da naman da ya ji hayaƙin gawayi. Ki bar shi sai kin ga yadda kasuwa ta karɓi na farko. Na biyunki ya zama ja mai gas ɗin nan, na iyalai da masu shagalin ranar haihuwa, kuma ba zan yi mamaki ba in shi ne ya fi kawo miki kuɗi.

Inda ake asara shi ne buɗaɗɗiyar kwalba. Barasa ce ke tsare giya daga lalacewa, to an cire ta. Kwana biyu ko uku a firji, ɗanɗano ya gudu. Kwalba mililita 750 ce, kofi biyar ke nan na 150. A ce kin saro ta naira 10,000, kina sayar da kofi 4,000. Sai kofi na uku uwar kuɗi ke dawowa. In biyu kawai aka sha ragowar ta lalace, kin yi asarar 2,000, ban da wutar firji. Yanzu ki lissafa kala tara a buɗe lokaci guda. Shi ya sa Merlot kaɗai za ki riƙa sayarwa kofi-kofi. Mai gas kuwa kwalba sukutum, don da an buɗe shi gas ya fara fita. Yaron da ya buɗe kwalba ya rubuta kwanan wata a jikinta da alƙalamin maka.

Zafi ma ɓarawo ne. Kada katan ya kwana a bayan mota ko kusa da kicin, balle a watan Maris na Abuja. Ki kai wayin tebur da ɗan sanyi, ba kamar ƙanƙara ba, domin sanyi mai yawa na fito da bauri.

Wajen saro, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kowane katan, ba na sama kawai ba. Ki ce wa dila ya ba ki kwalba ɗaya-ɗaya ta Merlot daga kamfani biyu ko uku, ki zaunar da mai dafa abincinki da baƙi biyu da kika yarda da bakinsu, a ɗanɗana tare da tsirenki, da yajinsa da albasarsa. Wanda ya ci, ki ɗauki katan ɗaya mai kwalba shida, ki tambayi dila a rubuce ko zai iya kawo miki shi duk wata ba yankewa. In ya ce ba tabbas, ki koma kan wanda ya zo na biyu.