Amsa: Ƙungiyar unguwa za ta iya neman kuɗin agajin fari?

Malam, ka tambaya ko ƙungiyarku ta unguwa a nan Kano za ta iya neman kaso daga kuɗin gaggawa da Majalisar Ɗinkin Duniya ke saki idan fari ya jawo yunwa. Kai tsaye dai, a'a. Asusun gaggawar, wato CERF, wanda ya fara aiki a 2006, hukumomin Majalisar yake ba kuɗi, irin su WFP mai kula da agajin abinci da UNICEF mai kula da yara da FAO mai kula da noma, su kuma su ɗauki ƙungiyoyin gida su yi rabon. Ta nan ƙofarku take, sai ku tanadi rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), asusun banki da sunan ƙungiya, da lissafin kuɗi da aka tantance.

Ba a sakin kuɗin da ka. Ana dogara da binciken Cadre Harmonisé, ma'aunin tsananin yunwa mai matakai biyar, daga mataki na 3 ake cewa jama'a na buƙatar ɗauki.

Inda abin ke lalacewa shi ne lokaci. Yunwa takan tsananta daga Yuni zuwa Agusta, rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba. Kuɗin da ya makara zuwa sannan zai tarar hatsi ya riga ya tashi a Dawanau, buhunan da zai saya sun ragu.

Ku sa ido kan yara ƙwarai. A auna kaurin damtsen ɗan wata 6 zuwa shekara 5: ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Katan ɗaya na abincin gyaɗa na musamman da ake ba yara masu tamowa, leda 150, kusan yaro ɗaya yake warkarwa. In uwa ta raba wa yayyensa saboda babu tuwo a gida, yaron ba ya farfaɗowa, don haka a haɗa wa gidan da hatsi.