Amsa ga mai tambaya kan maƙeran tarago

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na ga tambayar da wani ɗanmu na unguwar Gangare a Jos ya ajiye shekaranjiya. Ya ce kakansa, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin reluwe, a gida kuma ana ce masa maƙerin tarago, shi ne yake son ya san ko da gaske an taɓa ƙera taragon jirgin ƙasa a ƙasar nan, in kuwa ba a ƙera ba, to mene ne aikin tsohon. Na jira ko wani zai tanka na ji shiru, sai na sa jikata ta riƙe wayar, ina faɗa tana rubutawa, don idon ya yi rauni.

Ɗana, a zamanin da na yi aiki sabon tarago daga waje yake zuwa, a sauke shi daga jirgin ruwa. Amma kada wannan ya sa ka raina sunan da ake kiran kakanka. Taragon da ya shekara ashirin yana kai da komo tsakanin Jos da Fatakwal, in ka ɗebe ƙashin bayansa na ƙarfe, da wuya ka sami abin da hannunmu bai sake ba. Daɓe, kujeru, tagogi, ƙofofi, birki, ƙafafu, duk sai an zare an mayar. Wanda ya yi wannan in an ce masa maƙeri ba a yi ƙarya ba.

An ɗauke ni aiki gab da zuwan Indiyawan da aka danƙa wa tafiyar da reluwe a 1979, aka tura ni koyo Ebute Metta a Ikko, inda hedkwata da babban gidan gyara suke. Akwai wani a Inugu. Ranar farko na ɗauka kunnena zai toshe. Jiniya na kaɗawa da safe kowa ya nufi sashensa: kafintoci, masu walda, masu fenti, masu ɗinkin kujeru, 'yan lantarki, sai mu 'yan ƙarƙashi, waɗanda ba a gane launin rigarmu saboda baƙin mai. Bayarabe, Inyamuri, Bahaushe, Banufe, kowa da yarensa, amma aikin da hannu ake magana, don ko ka yi ihu na kusa da kai ba ya ji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sa wa ƙafa sabon baki. Ƙafar tarago irin ta da ba dunƙule guda ba ce, akwai zoben ƙarfe mai kauri a bakinta, shi ke taka layin dogo, shi ke cinyewa. Sabon zoben da gangan ake yin sa ya ɗan matse, ba zai shiga ba. Sai a kwantar da shi a kewaye shi da wuta har ya buɗe, a sauko da ƙafar a hankali ta zauna a ciki, a bar shi ya huce. Yana hucewa sai ya damƙe ta damƙar da guduma ba ta rabawa. Ogana, wani dattijo Bayarabe mai carbi a aljihu kullum, ba ya barin kowa ya yi hira a lokacin. In zoben bai kama daidai ba, wata rana zai saki ne da mutane a sama.

Da aka dawo da ni Jos sai aikin ya koma na duba, kuma a nan na gane kunne da bayan hannu su ne kayan aikin. Za ka bi jirgi daga kai har wutsiya da guduma mai doguwar ƙota, kana ƙwanƙwasa kowace ƙafa. Lafiyayya tana amsawa tangaran kamar ƙararrawa. Mai tsaga ko wadda zobenta ya saki sai ta ce maka ƙwab, kamar ka bugi fasasshiyar tukunya. Ba a koyon wannan a takarda. Na fi wata shida ina bin wani tsoho kafin kunnena ya fara rarrabewa. Fasinjoji kuwa dariya suke mana, wai mun zo gaida ƙafafu.

Sai akwatin mai da ke ƙarshen sandar da ta haɗa ƙafa biyu. A ciki akwai tagulla da aka shafe da farin ƙarfe mai laushi, a ƙarƙashi kuma audugar da ta sha mai, ita ke lasar sandar tana juyawa. Jirgi in ya iso, ka ɗora bayan hannu a kan kowane akwati ka ji ɗuminsa. In zai tashi, ka buɗe murfi ka ga mai. Audugar in ta bushe, akwatin ya yi zafi, farin ƙarfen ya narke, shi ne muke kira hotbokis. Ni kaina na taɓa jawo shi. Wata asuba ce cikin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da ƙarfe ke cizon yatsa, na duba jirgin kaya har saura tarago uku na ƙarshe, na ce ai jiya na zuba musu mai, na mayar da hannu aljihu na sa hannu a takarda. Kafin su wuce Kuru gadin jirgin ya ji warin auduga tana ƙuna. Aka tsaya aka cire taragon aka ajiye a gefe, jirgi ya yi lattin awa uku. Na sha takardar tuhuma, kuma na cancanta. Allah ya rufa asiri ba a gangaren Manchok abin ya faru ba.

Gangaren nan shi ya sa mu na Jos muka fi kowa tsoron birki. Jos tana sama da mita 1,200, jirgi kuwa sai ya sauka har Kafanchan da nauyinsa. Birkin namu na zuƙe iska ne: kan jirgi ya zuƙe iskar da ke cikin bututun da ya ratsa taragai duka, birki ya saki. Iska na shiga, birki ya kama. Hikimar ita ce ko jirgi ya tsinke biyu, tiyo ya rabu, iska ta shiga, kowane ɓari ya tsaya da kansa. Shi ya sa ƙaramin tsaga a tiyo ɗaya kan hana jirgi tashi, mu bi muna kasa kunne muna neman inda yake shaƙa.

Ba ka faɗi shekarun da kakanka ya yi aiki ba. In kafin 1957 ne, mai yiwuwa ya taɓa ƙaramin jirgin nan na Zariya zuwa Jos, wanda aka shimfiɗa saboda kuza ya iso nan a 1914, faɗin layinsa ƙafa biyu da rabi kacal. A shekarar 1957 aka rufe shi, ragowarsa na nan a gidan tarihi na Jos, ka je ka gani. Namu mai faɗin ƙafa uku da rabi ya hawo daga Kafanchan a 1927, daga baya aka ja reshe daga Kuru ta Bauchi da Gombe har Maiduguri a 1964. Unguwar Terminus ma daga nan ta sami sunanta, don a nan layin ya ƙare, yaran yanzu kuwa kasuwa kawai suka sani.

Na hau sabon jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Layinsa ya fi namu faɗi, taragansa daga Sin, ba auduga ba murfin buɗewa. Da muka sauka a tashar Idu ta Abuja ban san lokacin da na sunkuya na kai bayan hannu wajen ƙafa ba, har wani ma'aikaci ya ce, "Baba, wani abu ne ya faɗi?" Na ce a'a ɗana, tsohon hali ne. Na kuma ji an kafa harsashin wurin harhaɗa taragon kaya a Kajola ta jihar Ogun a 2019, to ka ga tambayarka ta zo a kan gaɓa.

Ka tambayi iyayenka mata ko an adana akwatin kayan aikinsa. In ka tarar da kurfi da zarto, kafinta ne. In guduma ce ƙarama mai ƙota kusan tsawon hannu, to ɗan ƙarƙashi ne irina. Ka ɗauki hotonta ka saka a nan in gani.