Tambaya da Amsa: Yaya Indiyawa mazauna ƙasashen waje suke bikin Diwali?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce, karatu ya kawo ni garin Lesta a Ingila. Wajen ƙarshen Oktoba sai naga an ƙawata wani dogon titi da fitilu tun daga farkonsa har ƙarshe, jama'a ba masaka tsinke, da daddare kuma ƙarar wasan wuta ta hana mu bacci. Washegari maƙwabciyata Ba'indiya ta ƙwanƙwasa min ƙofa da kwalin alawa, tace na Diwali ne. Ni dai a fim kawai na san shi. Dan Allah wane irin biki ne, kuma haka suke yinsa a duk ƙasar da suka je ko a nan ne kawai? Sannan alawar nan me ake sa mata?

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya bada sa'ar karatu. Gaskiya kin faɗa garin da ya dace da wannan tambayar, dan Lesta na cikin wuraren da aka fi yin bikin nan da girma a wajen Indiya, titin da kika gani kuma Belgrave ne, wanda shagunan gwal da na sari suka cika shi.

Bari in fara da shi bikin. Diwali yana faɗowa ne daren da wata ya ɓace gaba ɗaya a watan Kartika na kalandar Hindu, tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba, lokacin da damina ta ɗauke a Indiya. Mutanen arewacin Indiya suna danganta shi da dawowar Rama, ɗaya daga cikin waɗanda suke bautawa, birnin Ayodhya bayan shekara 14 yana gudun hijira, suka ce mutanen gari sun jera fitilu dan tarbarsa. Na kudu, musamman Tamilawa, labarin abin bautarsu Krishna da ya kashe mugun sarki Narakasura suke riƙe da shi. 'Yan kasuwa kuwa irin Gujaratawa hankalinsu yana kan Lakshmi, wadda suke bautawa a matsayin mai arziki, ranar suke rufe tsohon littafin lissafin shago su buɗe sabo, washegari kuma sabuwar shekararsu ce. Mabiya Sikh da Jain suma suna kunna fitila a ranar amma kowa da nasa dalilin, su Sikh suna tuna ranar da aka sako shugaban addininsu Guru Hargobind daga kurkukun Gwalior ne. Kinga tun a gida ma ba abu ɗaya bane, to ina ga an fita waje.

Abinda nake so ki riƙe shine, yadda ake bikin a kowace ƙasa ya danganta da hanyar da ta kai Indiyawan can, da kuma daga wane yanki aka kwaso su.

Rukuni na farko sune jikokin leburorin rake. Da Ingila ta haramta bauta a ƙasashen da take mulka a 1834, masu gonakin rake suka rasa ma'aikata, sai aka koma ɗiban talakawa daga Indiya da yarjejeniyar shekara 5. Morishus aka fara kaiwa a 1834, sai Gayana 1838, Tirinidad 1845, yankin Natal na Afirka ta Kudu 1860, Surinam 1873, Fiji 1879, ba a daina ɗiban ba sai 1917. Sama da mutum miliyan 1 aka kwasa ta wannan hanyar, da yawansu daga Bihar da gabashin Uttar Pradesh, akasarinsu kuma basu sake taka Indiya ba. Wallahi duk sanda na karanta tarihin mutanen nan sai jikina yayi sanyi, mutum ya bar ƙauyensu bai ma san nisan inda za a kaishi ba, a zuba shi a barikin leburori, amma duk da haka daren Diwali ya nemi yumɓu da ɗan mai ya kunna fitila a bakin ƙofa.

A Tirinidad abin ya ɗauki kalar ƙasar sosai. Tun 1966 ranar hutu ce ga kowa da kowa. Kwanaki kafin ranar samari zasu shiga daji su saro gora, a tsaga ta gida-gida a tsaye, a lanƙwasa a ɗaure, a yi baka da taurari da dogayen layuka a gefen titi da filin ƙwallo, sannan a bi kowace tsaga ana ɗora ƴan fitilun yumɓu irin aci-balbal, a zuba man kwakwa, a murza auduga a yi lagwani. Da magariba tayi yara ne ke bi suna kunnawa ɗaya bayan ɗaya, in iska ta kashe a dawo a sake. Ƙauyen Felicity yayi suna a wannan, har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo. A Chaguanas kuma akwai wani fili da suke kira Divali Nagar, tun 1986 ake buɗe shi kwanaki kafin bikin, da rumfunan abinci da waƙe-waƙe da wa'azinsu. Abincin ranar ba nama, gurasarsu ta roti ce da miyar kabewa da dankali da wake da mangwaro, a zuba maka a kan wani faffaɗan ganye ka ci da hannu. A Gayana kuma jerin gwanon motoci suke yi, a ƙawata manyan motoci da fitilu a ɗora yara sanye da kayan Lakshmi da Rama, mutane su tsaya bakin hanya suna kallo, Kirista da Musulmi duk a ciki. Morishus, inda mabiya Hindu sun kai kusan rabin jama'ar ƙasar, abinda aka fi sani shine wata alawar dankalin Hausa da ake cusa mata kwakwa a soya, a rarraba gidajen maƙwabta.

Maleshiya da Singafo daban ne dan can Tamilawa ne suka fi yawa, Deepavali ma suke ce masa. Nasu da asuba yake farawa, a shafa man riɗi a ka da jiki a yi wanka kafin rana ta fito, a sa sabbin kaya a tafi wajen bauta, a bakin ƙofa a zana ado da garin shinkafa. A Maleshiya sun ɗauki al'adar ƙasar ta buɗe gida, duk wanda yazo ya shiga ya ci, Bamalaye ko ɗan Sin. A Singafo titin Serangoon ne ake ƙawatawa na makonni.

Yanzu mu dawo garinku. Indiyawan Lesta da yawa ba kai tsaye daga Indiya suka zo ba, ta Afirka suka biyo. Kakanninsu Gujaratawa ne da suka zauna Kenya da Yuganda da Tanzaniya suna kasuwanci zamanin Turawa. A 1972 Idi Amin ya basu kwana 90 su fice daga Yuganda, wajen 28,000 suka nufi Birtaniya. Abinda zai baki mamaki, hukumar birnin Lesta sai da ta biya kuɗi aka buga sanarwa a jaridar Uganda Argus tana ce musu kar su zo, wai ba gidaje ba guraben makaranta. Suka zo duk da haka, suka kama shagunan Belgrave da suka fara mutuwa suka raya su. A 1983 aka fara kunna fitilun titin, kuma wannan hukumar dai da tace kar su zo ita ta dawo tana ɗaukar nauyin bikin tana tallata garin da shi. Ni a ganina wannan shine babban abinda ya canza a ƙasashen waje: a Indiya Diwali bikin gida ne da unguwa, ba wanda yake buƙatar nuna wa wani cewa yana nan, amma a Lesta ko Landan fitowa titi wata hanya ce ta cewa mu ma ƴan garin nan ne. Shi yasa da hukumar ta fara rage shagalin a ƴan shekarun nan saboda tsadar kuɗi da cunkoso, ran mutane ya ɓaci ƙwarai.

Ƙarar da ta hana ku bacci ma doka ce ta yarda da ita. A Ingila an hana wasan wuta daga ƙarfe 11 na dare, amma daren Diwali an ɗaga zuwa ƙarfe 1, kamar daren sabuwar shekara. A Landan ana taro a dandalin Trafalgar, sannan babban wurin bautarsu na unguwar Neasden da aka buɗe a 1995 yana cika maƙil washegarin Diwali, ranar da suke jera abinci kala sama da dubu hawa-hawa kamar matattakala a gaban abin bautarsu, daga baya a rabar. Kuma zaki iya tunawa Rishi Sunak ranar Diwali ta 2022 aka tabbatar shine zai zama firaminista, kafin nan a 2020 an ganshi da kansa yana jera fitilu a ƙofar gidansa na titin Downing.

Amma duk wannan na waje ne. Abinda ke faruwa cikin gidan maƙwabciyarki yafi ƙanƙanta kuma shine ainihin bikin a wajensu. Kwana biyar ne. Tun kafin su zo an share gida lungu-lungu an fitar da tarkace. Rana ta farko ake sayen gwal ko azurfa ko ko da sabuwar tukunya ce, shi yasa shagunan gwal ke cika, haka ma a Dubai. Rana ta uku ce babba, da yamma iyali zasu taru gaban hoton Lakshmi da wani abin bautar nasu Ganesha, da furanni da turare da tsabar kuɗi da alawa a faranti, a kunna fitila a zagaya da ita ana waƙa, yara su taɓa ƙafar manya dan neman albarka. Rana ta biyar ta 'yan uwa ce, mace zata sa wa ɗan uwanta ɗigon ja a goshi shi kuma ya bata kyauta, yanzu da yawa ta kiran bidiyo suke yi dan ɗaya na Kanada ɗaya na Mumbai. Idan kinga alamar nan mai ƙugiya huɗu da ake kira swastika a zane a bakin ƙofarsu kar ki tsorata, tsohuwar alamar fatan alheri ce a addininsu tun dubban shekaru kafin Hitila ya ɗauka ya ɓata mata suna, kuma suna shan wahalar bayani a kanta a Turai.

Zaman waje yana matse su ta wurare da yawa. Lokacin sanyi ya fara a Ingila, ƙarfe 5 duhu yayi, mace ta sha sari mai tsada ta ɗora ƙatuwar rigar sanyi a kai. Mai gidan haya bai yarda da wuta a fili ba, ga na'urar hayaƙi a silin, sai a koma ƴan fitilun batir. Babbar matsalar kuma aiki da makaranta, ke ma in Sallah ta taɓa riskarki ranar Talata kina da lacca ƙarfe 9 kin san yadda abin yake a zuciya. Shi yasa yawancin tarukan sai a ɗaga su zuwa Asabar ko Lahadi. Na Afirka ta Kudu da Fiji da Ostireliya kuwa su bikin ma ba a kaka yake same su ba, lokacin zafi ne ke shigowa, rana bata faɗuwa da wuri.

Batun alawa. Yawanci madara ce da sukari da man shanu, wasu da garin wake irin nasu, da yazawa ko kwakwa, ba nama ba kitse, gidaje da yawa ko ƙwai basa sawa. Mai kusurwa huɗu barfi ce, mai dunƙule laddu. Abinda ya kamata ki sani shine kala biyu ce: akwai wadda aka sayo a shago dan rabon maƙwabta kawai, akwai kuma wadda aka fara ajiyewa gaban abin bauta, ita suke kira prasad. In wannan ne damuwarki ki tambaye ta kai tsaye cikin ladabi, sun saba zama da Musulmi tun a Indiya da gabashin Afirka, ba zata ji haushi ba. Hukuncin ci kuwa sai ki kai wa malaman fiƙihu.

A Amurka labarin sabo ne, dan sai bayan dokar shige da fice ta 1965 Indiyawa suka fara shiga da yawa, likitoci da injiniyoyi, daga baya masu aikin kwamfuta. Su ƙoƙarinsu ya tafi ne wajen neman gwamnati ta san da ranar. An fara bikin a fadar White House a 2003, Obama ya kunna fitilar da hannunsa a 2009, hukumar gidan waya ta fitar da kan sarki na Diwali a 2016, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar da ta maida ranar hutu a makarantun gwamnati na birnin Niyok bayan shekaru ana fafutuka. Cikin waɗanda suka tsaya kan wannan har da Indiyawan Gayana da Tirinidad da suka sake yin hijira zuwa unguwar Richmond Hill, suka taho da jerin gwanon motocinsu.

Nan yankinmu ma ana yi, a Legas Indiyawa suna taruwa musamman wajen Ilupeju, a Akara kuma akwai wurin bautar Hindu a Odorkor da aka kafa a 1975 wanda yawancin mabiyansa ƴan Ghana ne baƙaƙe.

In kina son ki kalli na baɗi, ki sani ranar tana motsi dan lissafin wata ne. A 2023 ta faɗo 12 ga Nuwamba, a 2024 kuwa su kansu sun rabu, wasu suka yi 31 ga Oktoba wasu 1 ga Nuwamba, saboda sa'o'in ɓacewar watan sun ratsa kwana biyu kuma agogon Ingila ba ɗaya yake da na Indiya ba. Dan haka ki tambayi maƙwabciyar taki ranar da wurin bautarsu ya tsayar, kuma ki fita da wuri dan ana rufe titin Belgrave ga motoci tun da yamma.